Bakin Kogin Urdun Muka Tsaya

Tun da muka dawo ba a bar ni na huta ba. A ofis, a kasuwar Karmo, a zumuntar mata, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Rifkatu, yaya Urushalima?" Na gaji da murmushin dole, na gaji da cewa lafiya lau. Shi ya sa na zauna na rubuta labarin sau ɗaya, duk mai tambaya sai in miƙa masa ya karanta. Ban ga Urushalima ba. Babana ma bai gan ta ba, kuma dominsa aka yi tafiyar.

Babana, Baba Audu, mai bishara ne. A ƙauyukan wajen Malumfashi ya yi aikinsa, a kan keke, tun kafin a haife ni. Da Inna ta rasu na ɗauko shi na kawo shi wurina a Karmo, gefen Abuja, inda nake haya, ina aikin buga takardu a wata ma'aikata cikin gari. Bara likitan ido ya gaya mana cewa hawan jinin ido ya riga ya cinye na hagu, na dama kuma da wuya ya kai wata daminar. Sai da muka shiga bas za mu koma gida Baba ya ce, "Rifkatu, kafin wannan ɗayan ya rufe, ina so in ga kabarin da Yesu ya tashi daga ciki." Tunda nake da shi bai taɓa roƙona ko sabulu ba, wannan ne roƙonsa na farko.

Lokacin kuɗi na yawo a Abuja. Ko'ina ana gini, kowane ɗan siyasa na rabon kujeru, na Makka ga Musulmi, na Urushalima ga Kirista. Wani Honarabul ya ba cocin Rabaran Iliya kujeru masu yawa. Iliyan nan maraya ne da Baba ya ɗauko daga wani ƙauye ya riƙe a gidanmu. Kwano ɗaya ya ci da yayyena, Baba ne ya koya masa karatu, shi ya yi masa baftisma a rafin garinmu. Yanzu yana da coci mai gilasai a cikin gari, da Turanci yake wa'azi, Hausa kuwa sai in yana magana da mai gadinsa. Na je na yi zaman jira har ƙafata ta yi sanyi, na durƙusa na faɗi buƙatata. Gaskiya ita ce bai ja mini rai ba, ya ba mu kujera biyu. Na faɗi wannan ne don kada a ce na ɓoye alherinsa.

Ana jibi za mu tafi sai ga Alhaji Sabo, maƙwabcinmu, Bakano mai shagon kayan masarufi. Kullum da yamma shi da Baba suna kan benci ɗaya, suna raba goro suna gardamar addini, ba wanda ya taɓa kayar da wani. Ya shigo da wani ƙunshi da aka ɗinke cikin farin ƙyalle. Ya ce ƙanen mahaifinsa ya tafi aikin hajji a ƙafa tun zamanin Turawa, daga Makka ya zarce Ƙudus, wato Urushalima, ya yi aure a can, bai dawo ba. An ce jikokinsa na nan kusa da masallacin. Ya rubuta sunan gidan da ajami a jikin ƙyallen.

"Malam Audu, in Allah ya sa ka same su, ka ce musu ba a manta da su ba a Kano."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Bayan Alhaji ya fita na ce, "Baba, mene ne a ciki?" Ya dube ni da idon nan guda, ya ce, "Ke, tun yaushe ake buɗe saƙon mutum?" Ya tura shi cikin jakarsa ƙarƙashin riguna.

Aka tara mu a wani babban ɗakin taro kan hanyar filin jirgi. An ce jirgi na nan da yamma, sai da muka kwana muka sake kwana a kan kujerun roba. Tun kafin ranar an raba mana atamfa iri ɗaya, kowa ya ɗinko tasa, amma Baba ya ce shi ba zai je gaban Ubangijinsa da rigar furanni ba. Ya sa farar babbar rigarsa da hula. Wata mata mai jiki, Madam Ngozi, mai sayar da yadi a kasuwar Wuse, ta dube shi ta dube ni, ta ce da irin Hausarta, "Kai, wannan baba ya ɓata hanya. Jirgin Makka ba yau ba ne." Na ce mata tun kafin a haife ta yake wa'azin Almasihu. Ba ta yarda ba sai da ta ji shi yana rera waƙar sujada da asuba. Daga nan ta maƙale mana, ita ce mai ɗaukar masa jaka.

A wurin nan Rabaran ya yi mana huɗuba mai tsawo. Kada wanda ya gudu ya zubar masa da mutunci. A kan iyaka za a yi tambayoyi, kowa ya amsa a taƙaice. In an ce wani ya ba ka kaya ka kawo, ka ce a'a, ko da uwarka ce ta ba ka. Da Turanci ya yi, na fassara wa Baba. Ya ce, "Iliya ne ya faɗi haka?" Na ce shi ne.

Baba bai taɓa shiga jirgi ba. Ɗaura masa bel a kan babbar riga sai da ya haɗa ni da ma'aikaciyar jirgin muna kokawa da yadi, bayan mun gama ya ɓare goro ya miƙa mata rabi. Ta karɓa tana juya shi, ba ta san abin ci ba ne. Abincin da aka kawo ya buɗe ya rufe, ya ce wannan na marasa lafiya ne. Ba kai tsaye muka nufi Urushalima ba. Tsarin shi ne mu sauka a Amman, babban birnin ƙasar Jodan, mu kwana, washegari mu bi mota mu haye gadar Kogin Urdun.

Otal ɗin Amman ya fi ƙarfinmu. Ni da Madam Ngozi muka rasa yadda ake buɗe famfon wanka, ta murɗa wani abu ruwa ya zubo mata a ka daga sama da ɗankwalinta da komai. Da safe aka jera mana gurasa mai faɗi, da niƙaƙƙen wake mai sanyi an zuba masa man zaitun, da 'ya'yan zaitun masu ɗaci, da nono mai kauri ba fura. Ko ƙamshin barkono babu. Madam ta fito da yajinta daga jaka, aka yi ta zagayawa da shi tebur zuwa tebur har ya ƙare.

Larabawan kuwa da sun ga Baba sai su dafa ƙirji su ce, "Hajji, Hajji." Mai kula da otal ɗin ya zaunar da shi ya zuba masa gahawa mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi. Baba ya shanye ya miƙa, mutumin ya ƙara. Ya shanye, ya ƙara. A gida in babba ya ba ka abu ba ka cewa ya isa, ashe su kuma a can sai ka girgiza kofin kafin a daina zubawa. Baba ya sha har hannunsa ya fara rawa. Direbanmu ne ya cece shi, wani dattijo mai furfura, Abu Salim, ya kama hannunsa ya girgiza masa kofin yana dariya. A motarsa akwai gicciye rataye, kuma kowace magana sai ya ce in Allah ya so. Da Baba ya gane Kirista ne, kuma Allah yake cewa kamar mu, sai ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Ya ce mini, "Ashe muna da 'yan'uwa." Duk rayuwarsa Musulmi na ce masa ya bar gida, Kiristan kudu na ce masa ya yi kama da Musulmi.

Daga Amman hanya gangara ce kawai. Kunnuwanmu suka toshe, sanyi ya koma zafi, muka fara ganin gonakin ayaba da shingen sojoji. Mutane na waƙa a cikin bas. Baba ya manna fuskarsa a gilashi ta gefen ido mai gani, yana tambayata ko waɗancan duwatsun na can su ne. Na ce Abu Salim ya ce su ne, Urushalima na bayansu. Abu Salim ya sauke mu a gefen Jodan, wata motar ta haye da mu gadar. Ko ruwan ban gani ba.

Ɗakin binciken kan iyaka babba ne, da layuka kamar banki ranar albashi. Yawancin jami'an 'yan mata ne, ba su ɗaga murya, ba su kuma murmushi. Mutanenmu suka yi ta wucewa. Da aka zo kanmu, jami'ar ta buɗe fasfon Baba ta karanta sunan, Audu Muhammadu, don sunan mahaifinsa ke nan. Ta dubi riga, ta dubi hula. Ta tambaya wa ya shirya masa jaka, na ce ni. Ta ce ko wani ya ba shi wani abu ya kawo. Na buɗe baki ke nan Baba ya taɓa ni.

"Me ta ce?"

"Tambayar nan ce, Baba. Bari in amsa."

"A'a. Ni aka tambaya."

Ya sunkuya da kansa ya zaro ƙunshin Alhaji ya ɗora a kan tebur. Ya ce in gaya mata maƙwabcinsa ne ya ba shi. Ta ga ajamin, ta ce mene ne a ciki. Baba ya ce bai sani ba, ba a buɗe saƙon mutum. Na fassara, ina jin muryata kamar ta wani. Kafin in rufe baki an janye mutane daga kusa da mu, maza biyu sun zo sun ɗauke ƙunshin da safar hannu.

Aka kai mu wani ɗan ɗaki. Muka daɗe. Da aka dawo da kayan an farke ƙyallen, kuma ba komai ciki sai goro a ganye, da hula zanna, da turare, da carbi, da ɗan kilishi. Wani babba a cikinsu, mai magana a hankali, ya ce kayan ba matsala, amma dattijo mai wannan suna, ɗauke da ƙunshin da bai san cikinsa ba, zuwa gidan mutanen da bai taɓa gani ba, dole shugaban tafiya ya tsaya masa. In ya ce ya san shi, ya sa hannu, sai mu wuce. Raina ya kwanta. Na ce wa Baba an gama, Iliya za a kira.

Rabaran ya shigo yana share gumi. Jami'in ya tambaye shi ko wannan ɗan ikilisiyarsa ne. Da Turanci ya amsa, yana kallon bango. Ya ce a'a, ba ya sujada a cocinsa. Ya ce daga sama aka ba shi sunaye, ba kowa ya sani ba. Jami'in ya sake tambaya, ya ce ko ya san shi a da. Ya ce ya san shi sama-sama, irin mutanen arewan nan ne, ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke ransu ba, kuma yana da mota cike da mutane da ba zai jefa cikin matsala saboda mutum ɗaya ba.

Na ce da Hausa, "Yaya Iliya, Baba ne fa."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce wa jami'in ko zai iya tafiya, mutanensa na jira.

Aka ce ni zan iya shiga, Baba kuwa zai koma. Baba ya ce in tafi in gano masa, in zo in ba shi labari. Na ce in na taka ƙasar nan ba shi, ƙafata ta karye. Sai ya tambaye ni abin da Iliya ya ce. Na so in sassauta, amma zuciyata na tafasa, na gaya masa duka, har da sama-sama ɗin. Ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya mayar. Daga nan aka sa mu a motar komawa.

Kamfanin da ya shirya tafiyar ya turo Abu Salim ya ɗauke mu. Da ya ji abin da ya faru ya tofar da yawu ta taga. Ya ce otal zai cinye mu, ya kai mu wani ƙaramin gari mai tsofaffin coci-coci, inda ƙanwarsa ke da ɗakunan baƙi. Can muka zauna muna jiran mutanenmu su gama su dawo. Ranar farko matar ta yi mana shinkafa da naman rago a cikin miyar nono mai tsami, a babban faranti ɗaya, maza suka kewaye shi a tsaye suna ci da hannu. Baba ya ci sosai, ya ce wannan ne abinci na farko tun da muka bar Karmo. Ƙunshin Alhaji kuwa ya ba Abu Salim, don yana da ɗan'uwa direba mai hayewa can, ko Allah zai sa a dace.

Ni ban yi addu'a ba a kwanakin nan. Zan faɗa a fili, da Yesu nake fushi. Mutum ya yi maka bauta har ya tsufa, an jefe shi a kasuwanni saboda sunanka, danginsa sun daina cin abincinsa, ya zo ƙofar gidanka da rabin ido, sai ka bari a kore shi saboda ya ƙi yin ƙarya? Waɗanda suka cika jaka da niyyar sayayya sun wuce, har da wani da na ji yana tambayar yadda ake ɓacewa a sami aiki. Baba kuwa yana zaune a rana a tsakar gidan mutane, yana rufe ido ɗaya da hannu yana gwada ɗayan.

Wata safiya Abu Salim ya zo ya ce mu shirya. Ya ce akwai wurin da aka yi wa Yesu baftisma a bakin kogin, kuma ta gefen nan ma ana zuwa. Ya san tsarin kamfanin, ya ce ran nan ne mutanenmu za su sauko ta wancan gefen. Na ce ba na son ganin kowa. Baba ya riga ya sa hula.

Kogin Urdun da muke rerawa tun muna yara, wanda nake zaton sai da jirgin ruwa, bai kai rafin bayan Karmo da damina ba. Ruwa ne ja mai laka, da ciyayi dogaye a gefe. Soja ɗaya a gefenmu, soja ɗaya a wancan gefen, an ja igiya a cikin ruwa kada wani ya wuce. In ka jefa lemo da hannun hagu zai sauka a can. Kuma ga su nan, mutanenmu, cikin fararen riguna, suna waƙa suna ɗaukar hoto. Rabaran na tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu yana nutsar da su ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya sauka matakalar katako ina riƙe da shi. Fari-fari kawai yake gani, amma ya ji muryar. Ya tsaya ya saurara, sannan ya ɗaga murya irin ta wa'azin kasuwa.

"Iliya, sannu da aiki."

Waƙar ta tsaya. Rabaran ya daskare da wata mata a hannunsa.

"Ka tallafe mata ƙeya da kyau, kada ta sha ruwa. Haka na koya maka."

Madam Ngozi ce ta fara fashewa da kuka. Ta shigo ruwa har igiya tana cewa, "Baba, an ce mana kai ba ka da lafiya, an kai ka asibiti." Sai a lokacin na san abin da aka gaya musu. Sojan can ya ɗaga mata hannu ta koma. Rabaran ya ce wani abu da ban ji ba, ya fita daga ruwan, aka fara kora mutane zuwa mota. Madam na tafiya tana waiwaye.

Da wurin ya yi shiru na ce, "Baba, har da gaisuwa? Mutumin da ya ce bai san ka ba?"

Ya zauna a kan matakala ya sa ƙafafunsa cikin ruwa. Ya ce, "Rifkatu, kin manta da Bitrus? Shekara da shekaru suna ci tare, ranar da aka kama Ubangiji ya rantse bai taɓa ganinsa ba, kuma Ubangiji na tsaye yana ji. Da ya tashi daga matattu bai aika a kira masa shi a yi shari'a ba. Bakin ruwa ya je ya hura wuta, ya gasa kifi, ya jira shi ya zo ya ci." Sannan ya ce, "Na yi wa'azin wannan ya fi a ƙirga, ban san zafinsa ba sai yanzu. Na zo in ga inda aka yi masa, sai aka ɗanɗana mini kaɗan daga abin da aka yi masa."

Wani abu ya motsa a raina, ba zan ɓoye ba. Tun ina yarinya Yesun da na sani na hoton bango ne, mai laushin gashi, da ɗan rago a kafaɗa, wanda ba abin da ke taɓa shi. A bakin ruwan nan na fara ganinsa mutum ne da ya san irin wannan ciwon, na a dube ka a ce ba a san ka ba, daga bakin wanda ka ciyar. Na kwana ina tuhumarsa cewa yana can cikin birni ya rufe mana ƙofa. Ashe shi ma bayan gari aka fitar da shi. Na zauna kusa da Baba na yi kukan da na riƙe tun daga gada.

Baba ya ɗebi ruwan ya wanke idonsa. Masu son jin abin al'ajabi su yi haƙuri, bai buɗe ba. A mota muna komawa, ina zaton ya yi barci, sai na ji ya ce a hankali, "Amma na so in ga kabarin nan, Rifkatu. Na so ƙwarai." Hawaye na bin gemunsa. Abu Salim ya kashe rediyo.

A jirgin dawowa Rabaran na gaba, mu muna baya, labule a tsakaninmu. Madam Ngozi ta baza labari tun kafin mu tashi, amma mutane suna da kayan tsaraba da za su lissafa, kuma ba wanda ke son ɓata da mai rabon kujera. Aka yi sujadar godiya a cocinsa, aka shiga da rawa cikin atamfa iri ɗaya, ya sanar cewa ya kai tumakinsa ya dawo da su ba wanda ya ɓata. Mu ba mu je ba. Alhaji Sabo da ya ji labari ya zo ya zauna a ƙasa a gaban Baba yana kuka kamar an yi masa mutuwa, yana cewa shi ya ja masa. Baba ya ce masa ya tashi, shi saƙo ya bayar, ba shi ya ce bai san shi ba.

Idon ya rufe kafin ruwan farko. Wata safiya Baba ya tambaye ni me ya sa ban buɗe taga ba, alhali rana na kan fuskarsa.

Makon jiya sai ga jibgegiyar mota ta maƙale a kwatar layinmu. Rabaran ne, shi kaɗai, ya ƙaraso a ƙafa da laka a takalmi. Ya durƙusa ya gaida Baba da Hausa, Hausarsa lafiya lau ashe. Bai ce a yafe masa ba. Ya ce abubuwa ne suka rikice a ranar, shugabanci da wuya. Ya fito da takardar shaidar ziyara mai zanen zinariya da sunan Baba a kai. Baba ya shafa ta ya miƙa masa, ya ce ai bai je ba. Sai Rabaran ya ce to baɗi akwai kujera, ya riga ya yi magana da Honarabul, wannan karon shi da kansa zai riƙe hannun Baba.

Baba ya ce, "Iliya, da wane idon? Ka ba wani mai gani."

Na tsaya a bakin ƙofa ina jira Rabaran ya tashi in rufe. Sai Baba ya ce, "Rifkatu, yayanki ya zo tun ɗazu, ba abinci?"

Na shiga madafa cike da haushi. Allah ya sani na so in ce ya ƙare. Na tsaya a kan tukunya na daɗe, ina tunanin mutumin can a bakin ruwa, da raunin ƙusa a hannunsa, yana juya kifi a kan garwashi domin wanda ya yi musun saninsa. Kada wani ya je ya ce Rifkatu ta ce ta yafe, ban kai nan ba tukuna. Amma na kwashe tuwo, na zuba miyar kuka, na sa nama, na kai na ajiye a gaban Iliya.

Ya kasa ci. Ya sunkuyar da kai yana kallon kwanon. Baba ya yi ta lalube a kan tabarma har hannunsa ya taɓa shi, ya tura masa gaba.

"Ci mana," in ji shi. "In ka gama ka ba ni labarin kabarin. Yaya ƙofarsa take?"